Kambin Sarkin Bekon

Akwai wata mata a garin Otter Bend, can cikin gonakin masarar jihar Iowa ta ƙasar Amurka, sunanta Marlys Kruse, wadda ta yi shekara da shekaru ba ta san ainihin ƙanshin gashin kanta ba. Ta wanke da sabulu, ta wanke da ruwan zafi, amma da ta zauna a coci sai matar da ke bayanta ta sunkuyo ta ce, "Marlys, kin sa ni jin yunwa."

Laifin mijinta ne, Delmar. Shi ne Sarkin Bekon na garin.

Bekon dai siraran yanka ne na kyafaffen naman alade, a soya shi har ya yi ƙamas. Na san da yawanku ba cimarku ba ce, to kada a cika min wurin sharhi da wa'azi tun ba a ji labarin ba. Su mutanen Otter Bend abincinsu ne, kuma son da suke yi masa ya wuce na ci, ya koma wani abu mai kama da lalura.

Duk shekara idan zafi ya kankama sai su yi bikin bekon. A ƙarshen bikin a yi gasar ci, wanda ya fi kowa zubawa a cikinsa shi ne sarki, kuma yana nan a kan sarautar sai ranar da wani ya kayar da shi. Delmar ya ƙwace ta daga hannun wani mutum mai suna Arlo Tjaden tun yana da baƙin gashi, kuma har furfura ta cika masa kai ba a samu mai kayar da shi ba.

Sarautar nan ta cika wa Marlys gida da tarkace. Kowa ya tashi yi wa Delmar kyauta, abu ɗaya yake tunawa. Akwai kyandir mai ƙanshin bekon, akwai sabulun wanka, akwai man goge baki. Akwai safa, akwai labulen banɗaki, akwai filastar manna wa ciwo mai zanen bekon. Wani ma agogo ya aiko masa, wanda maimakon ya yi ƙara da safe sai ya busa ƙanshin suya. Marlys ta ɓoye shi a gareji, Delmar ya nemo shi ya mayar gefen gado.

Ita ce mai suya kowace safiya, ita ce mai kankare kasko. Kuma ita ce mai saƙa kambi.

Kambin ba na roba ba ne, na nama ne na gaske. Ana gobe biki sai ta jera yankan a tire, ta sarƙa su ɗaya cikin ɗaya, ta naɗa a bayan kwanon ƙarfe, ta gasa a tanda har ya tsaya da kansa. Aiki ne mai cin rai, yatsunta duk tabon ƙuna. Amma a nan kam a ba Delmar haƙƙinsa, yana girmama aikin nan. Bai taɓa bari kambin ya taɓa ƙasa ba.

Yana da wani wasa da yake yi duk shekara, wanda garin ya fi so fiye da gasar kanta. Idan ya cinye yankan ƙarshe sai ya miƙe, ya cire kambin a hankali ya ajiye a kan tebur, sannan ya dafe ƙirji, ya zare ido, ya yi tangaɗi ya zube. Jama'a su fashe da dariya. Samarin motar asibiti su taho da gadon ɗaukar marar lafiya suna tafiyar yanga, sai Joleen, shugabar kwamitin biki, ta tsugunna ta riƙa kaɗa masa yanka ɗaya a hanci. Nan take mamacin ya buɗe baki ya cafke, ya tashi yana taunawa, ya ɗauki kambinsa.

Marlys ta ga wasan nan har ta daina ganinsa. A bayan taro take tsayawa, ta harɗe hannu, tana jira a gama ta tafi gida.

Shi kuwa Arlo, tsohon sarki, da yake direban motar 'yan makaranta ne, ba a daɗe da karɓe masa kambi ba aka yi masa aikin zuciya. Ya bar nama mai kitse, ya rame, ya koma zagaya gari da ƙafa kowace safiya. Matarsa ta rasu, garin ya manta ya taɓa yin sarauta. Delmar ne kawai bai manta ba, don ya samu abin tsokana. Ya laƙa masa suna Zomo.

Idan Arlo ya shigo gidan abincin da dattawan garin ke shan kofi, Delmar sai ya ɗaga murya. "Ga Zomo nan. Yau wace ciyawa aka karya da ita? A duba masa kicin, ko akwai ragowar karas."

A yi dariya. Arlo ya ce, "Ina kwana, Delmar," ya nemi kujerarsa. Bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

To a shekarar da nake ba ku labari, sanyi ya fara janyewa, manoma na shirin shuka, shagon Delmar na kayan gyaran tarakta ya cika da mutane. Yana cikin sauko da wani kwali sai ya ji ƙirjinsa ya ɗaure. Aka kwashe shi zuwa babban asibiti.

Likitar ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce, "Mista Kruse, kitse ya toshe maka jijiya ɗaya, mun sa ɗan bututu mun buɗe ta. Sauran ma ba su da kyan gani. Nama mai kitse da gishiri, ka yi sallama da su."

Delmar ya gyara kwanciya ya ce, "Likita, kin san da wa kike magana kuwa?"

Ta ce, "Na sani. Hotonka na manne a jikin firjin babana. Shi ya sa zan sake maimaita maka."

Delmar ya yi dariya. Marlys ba ta yi ba.

A Otter Bend idan mutum ya dawo daga asibiti ba a tambayar abin da yake buƙata, abinci ake kai masa. Kowace mace ta dafa a kwanon tangaran, ta manna salatif a gindinsa ta rubuta sunanta. Matar gida ta karɓa ta yi godiya, in an cinye ta wanke ta mayar, ta yaba girkin. Ba a mayar da kwano da abincinsa a ciki. Wadda ta yi haka ta ci mutunci, kuma za a riƙe ta da abin har jikokinta.

Kwanuka suka fara shigowa. Dankali da cuku da bekon. Taliya da bekon. Koren wake an naɗe shi da bekon. Matar fasto ta kawo kek an barbaɗa masa bekon a kai. Wata da ta ji an ce mai ciwon zuciya ganye yake ci ta kawo ganyen, amma sai da ta lulluɓe shi da bekon har ba a ganin kore.

Ba mugunta ba ce. Abin da suka sani game da Delmar ke nan, ba su san wani abu ba.

Marlys ta yi ta karɓa tana murmushi har kumatunta suka gaji. Da baƙuwa ta juya baya sai ta juye abincin a roba, ta kai babbar firizar da ke gareji, ta wanke kwano, ta mayar washegari ta ce, "Kai, ya yi daɗi, har yana neman ƙari." Ƙarya take yi gida-gida, ta dawo ta dafa wa mijinta kunun hatsi marar gishiri da gasasshen kifi, shi kuma ya zauna yana kallon farantin kamar an yi masa mutuwa.

Ana cikin haka wata safiya Arlo ya ƙwanƙwasa ƙofa da ƙaramar tukunya a hannu. Shi tasa ko salatif babu.

Ya ce, "Miyar wake ce, Marlys. Ba nama, ba gishiri. Ba zan ce miki tana da daɗi ba, amma ana sabawa."

Marlys ta ji hawaye na neman zubo mata a kan miyar wake. Ta ce ya shigo.

Delmar yana kishingiɗe a falo, da abokansa biyu sun zo dubiya. Arlo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sannu da jiki, Delmar. Nakan wuce ta nan da safe. In kana so mu riƙa ɗan takawa tare, ko zuwa ƙarshen layi ne mu dawo."

Da a ce su biyu ne kawai, wataƙila da Delmar ya amsa da mutunci. Amma akwai masu kallo, shi kuma in dai da masu kallo ba ya iya riƙe bakinsa.

Ya ce, "Kun ji fa, Zomo ya zo ɗaukar ɗalibi. To ka ji, Arlo, ni da in yi irin rayuwarka, ina yawo a titi ba mai gaishe ni, gara in mutu da maiƙo a leɓe. Kwashe miyarka ka kai wa akuya."

Abokan suka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Arlo ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi." A ƙofa Marlys ta rasa inda za ta sa fuskarta, ta fara ba shi haƙuri. Ya ce, "Bar shi. Ni ma da aka ce in bari, matata na zaga. Tsoro ne." Ya bar tukunyar ya tafi, kuma washegari da safe ya sake wucewa ta ƙofar gidan yana tafiya a hankali, ko za a kira shi.

Ba a kira shi ba.

Bayan wasu makonni, da tsakar rana, Marlys ta je gareji ɗauko tsintsiya. Ta tarar da Sarkin Bekon zaune a kan kifaffen bokiti kusa da firiza, da roba a cinya, yana cin dankalin maƙwabciya da cokali. Abincin ko gama narkewa bai yi ba.

Ba ta yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Ta buɗe firizar ta ga ta yi ƙasa sosai.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Haba Marlys, mutane sun ɓata lokacinsu sun dafa. A zubar?"

"Ni kuma da nake tashi in dafa maka kifi, lokacina ba lokaci ba ne?"

Ya sunkuyar da kai yana juya cokali. Sai ga motar Joleen a ƙofa.

Joleen mace ce mai kirki da yawan magana, irin waɗanda ba sa lura da fuskar wanda suke yi wa maganar. Ta shigo da riga a hannu tana ɗagawa. An buga hoton Delmar da kambi, a ƙasa an rubuta: LIKITA TA CE A'A, SARKI YA CE A ƘARO.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, bana sai dai a yi. Labarin asibitinka ya bazu, mutane daga garuruwa suna ta tambaya ko za ka fito. Wani direban babbar mota ma ya ce zai zo ya kayar da kai. Kuma ka ji wata sabuwa, mai gidan jana'iza ya yi wa akwatin gawa fenti kamar bekon, za a ajiye kusa da dandamali, kowa ya shiga ya kwanta a ɗauke shi hoto. Kai za ka fara."

Marlys ta ce, "Joleen, mutumin nan da bututu a jijiyarsa."

Joleen ta dafa mata kafaɗa. "Ai shi ya sa abin zai ba da dariya. Ke dai ki saƙa mana kambi mai kyau."

Da ta tafi, Marlys ta ce, "Ba zan saƙa ba."

Delmar ya juyo ya dube ta. Da ya yi magana kuma ba da muryar sarki ya yi ba.

"Kin zaci ni ban gaji ba? Akwai safiyar da in na ji ƙanshin nan zuciyata tashi take yi. Amma ki gaya min, in na cire kambin nan wa ya san ni? Wani tsoho mai sayar da kusoshin tarakta. Ki dubi Arlo. Ya yi sarauta kafin ni, yau ko kare ba ya bin sa."

Ta ce, "Arlo yana da rai."

Ya ce, "Bana kawai. Yanka ɗaya zan ci don a buɗe gasa, in yi musu wasan faɗuwa, in miƙa kambin ga wanda ya ci. Na rantse miki. Amma kada ki sa in fita da na roba, Marlys. Ban taɓa sa wanda ba ke kika saƙa ba."

Ta san alkawarin nan ba shi da ƙwari. Ta kuma san ko ta saƙa ko ba ta saƙa ba zai je. Ana gobe biki ta kunna tanda, ta jera nama a tire, tana saƙa tana jin haushin kanta.

Ranar biki garin ya cika maƙil, ga rana kamar ta fasa kai. An yi tseren da masu gudu ke sanye da rigunan soso masu siffar yankan bekon. An zagaya da karnuka an sa musu hancin alade na roba. Ana sayar da askirim mai bekon, da lemo mai bekon, har wata amarya ta zo da furannin da aka naɗa da nama. Delmar ya shiga akwatin gawar ya kwanta ya ɗaga babban yatsa, aka yi ta ɗaukar hoto. Marlys ta kawar da kai ta koma wurinta na kullum a bayan taro.

Arlo yana gefen dandamali a teburin raba ruwan sha, aikin da kwamiti ke ba wanda ba a san me za a ba shi ba.

Aka zauna gasa. Delmar ya ɗaga yanka ɗaya ya nuna wa jama'a, ya ci, ya ture farantin. Marlys ta saki numfashi.

Sai direban babbar motar nan da ke gefensa ya ja lasifika ya ce, "Au, shi ke nan? Na yi doguwar tafiya don in kara da sarki, ashe wani zomon na tarar."

Filin ya ɗauka. "A ƙaro. A ƙaro. A ƙaro." Duk sanye suke da rigar nan mai hoton Delmar, suna buga ƙafa a ƙasa.

Delmar ya dubi farantin, ya dubi taron. Bai dubi inda matarsa take ba. Ya jawo farantin.

Ya ci kamar yadda ya saba, hannu biyu, ba ji ba gani. Gumi ya jiƙa masa riga, fuskarsa ta yi ja, daga baya ta koma fari. Direban ya ɗaga hannu ya ce ya sallama. Aka yi ta tafi. Delmar ya miƙe tsaye, ya dafe ƙirji, ya yi tangaɗi.

Kambin ya zame daga kansa, ya bugi bakin tebur, ya gangara ƙasa ya tarwatse.

Nan take Marlys ta lura. Bai cire kambin ba. Bai ajiye ba.

Jama'a kuwa dariya har da riƙe ciki. Wani na cewa bana ma ya fi iyawa. Wayoyi duk a sama. Samarin motar asibiti suka taho da tafiyarsu ta yanga, Joleen ta tsugunna tana kaɗa yankan nama a hancin mutumin da numfashinsa ke ɗaukewa, tana cewa a lasifika, "Tashi, ranka ya daɗe, ga maganinka."

Marlys ta kutsa cikin mutane tana ihu, "Ba wasa ba ne! Ku taimake shi!" Muryarta ta nutse a cikin dariya. Waɗanda suka ji ta ma suka zaci an sa ta a wasan ne bana, har wani ya buɗa mata hanya yana tafa mata.

Kafin ta kai rabin fili, Arlo ya watsar da kofunan ruwa ya haye dandamali. Tsohon da ake cewa iska za ta ɗauke shi ya ture Joleen gefe guda, ya durƙusa, ya taɓa wuyan Delmar, ya ɗora hannuwansa a ƙirjinsa ya fara dannawa da dukan ƙarfinsa.

Wani daga cikin taro ya ce, "Kai Zomo, sauka, kada ka ɓata mana wasa."

Arlo bai ɗago ba. Ya daka wa samarin tsawa, "Ku ajiye gadon banzan nan ku ɗauko na'urar farfaɗo da zuciya. Da gudu."

A nan ne dariyar ta fara mutuwa, daga gaba zuwa baya, har filin ya yi tsit. Joleen tana tsaye da yankan nama a hannu, ta ma manta tana riƙe da shi.

Delmar ya sha da ƙyar. An buɗe masa ƙirji an yi babban aiki, ya daɗe a asibiti. Likitar ta ce da an ƙara ɗan jinkiri, da akwatin nan mai fenti ya samu mai shi.

Bidiyon ya zagaya duniya. Mutanen da ba su san Otter Bend ba suka yi ta kallon yadda gari guda ke dariya mutum na mutuwa a gabansu. Kunya ta kama garin, kuma da yake hanya ɗaya suka sani ta ba da haƙuri, ranar da aka sallamo Delmar sai ga Joleen a ƙofa da kwanon tangaran, idonta jawur.

Ta ce, "Marlys, ban san me zan ce ba. Ban yi barcin kirki ba tun ranar. Ga ɗan abin da na dafa masa."

Marlys ta ɗaga murfin. Kaza ce da shinkafa, an jera mata bekon a kai gwanin kyau.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta mayar da murfin, ta miƙa wa Joleen kwanonta da abincinsa a ciki.

Joleen ta ce, "Amma ai kaɗan na sa, don ɗanɗano."

Marlys ta ce, "Na gode, Joleen, har zuciyata. Amma koma da shi. Ki kuma gaya wa sauran, duk wadda ta kawo, haka zan yi mata. Na gaji da wanke kwanuka ina ƙarya. Mijina nake so a raye, in za a daina gaishe ni a coci a daina."

Kafin yamma labari ya gama gari. Wasu sun ji haushi, wasu sun fahimta, kwanuka dai suka tsaya. Masu dubiya ma suka ragu, don sun zo sun rasa hirar da za su yi da Delmar in ba ta nama ba. Kwamiti ya ba direban babbar motar nan sarauta, aka buga sababbin riguna. Abin da Delmar ke tsoro ya faru daidai yadda ya faɗa.

Mutum ɗaya ne bai fasa ba. Kowace safiya Arlo ya wuce ta ƙofar gidan a hankali.

Ranar da Delmar ya iya tsayuwa da kyau, ya lallaba ya fito baranda ya jira shi. Marlys tana daga cikin taga tana jin su.

Delmar ya ce, "Arlo."

Rabon da ya kira shi da sunan nan ba tare da ba'a ba, shi kansa ba zai tuna ba.

Arlo ya tsaya. "Ina kwana, Delmar."

"Na ci mutuncinka shekara da shekaru. Ban da bakin da zan ba ka haƙuri da shi." Ya share hanci. "Amma gaya min abu ɗaya. Gari guda ya zaci wasa ne, har masu motar asibiti. Kai ya aka yi ka gane?"

Arlo ya ce, "Ban gane daga gare ka ba, ai ka iya faɗuwa. Kowa kai yake kallo, ni kuma na gaji da kallonka tuntuni, sai nakan kalli matarka. Duk shekara tana can baya ta harɗe hannu. Bana na ɗaga kai na gan ta tana gudu."

Delmar ya juya ya dubi taga. Marlys ba ta ɓuya ba, ta tsaya suna kallon juna, har shi ya fara sunkuyar da kai.

Arlo ya ce, "To, za ka taka ko kuwa? Ƙarshen layi kawai."

Suka sauka a hankali, Delmar na dafe da hannunsa. Iska ta kaɗo ƙanshin suya daga gidan abincin da ke kan kwana. Delmar ya tsaya cak ya lumshe ido.

Ya ce, "Yaushe mutum ke daina jin daɗin ƙanshin nan?"

Arlo ya ce, "Ba a dainawa. In mun zo nan sauri ake ƙarawa. Taho."

Marlys ta bi su da ido har suka sha kwana. Ta waiwaya ta dubi murhu, babu kaskon da ke jiran kankara. Ta tattara kyandir ɗin, da sabulun, da agogon nan mai busa ƙanshi, ta zuba a kwali ta kai bakin titi. Sannan ta buɗe tagogin gidan duka, ta ɗora tukunyar Arlo a wuta, ta zuba wake.

Darasi: Masu yi maka tafi ba su ne za su ɗauke ka ba ranar da ka faɗi, wataƙila ma su zaci wasa kake yi. Kada ka sayar da lafiyarka don kirarin jama'a, kuma kada ka raina wanda ya zo maka da gaskiya marar daɗi, don mai yiwuwa a hannunsa Allah ya ajiye ceton ranka. Ko ba ka cin wannan nama, kana da naka abin da aka san ka da shi wanda yake cin ka a hankali, kuma akwai wani a bayan taro da ya gaji amma bai tafi ba. Ka juya ka dube shi tun kana tsaye. Ku tura labarin nan ga duk wanda kuka san yana kashe kansa don a ce ya iya.